Gwiwar Hannu Ba Ta Lanƙwasuwa Baya

A kokawar Gobir, daga Tsamaye har Isa, da zarar an kai mutum ƙasa an gama. A wasan jujitsu na Barazil kuwa, nan ake farawa. Mai rinjaye yakan hau ruwan cikin abokin karawarsa, ya kama hannunsa guda, ya juya ya gitta ƙafafu bisa ƙirjinsa da fuskarsa, sannan ya kwanta da baya ya ɗaga ƙugu. Japanawa suna kiran wannan kamu juji-gatame.

Dabarar irin ta manomi ce mai cira kututture da dogon ƙarfe bisa ɗan dutse. Hannun shi ne ƙarfen, ƙugu shi ne dutsen. Ja kaɗan a wuyan hannu sai ya ninku a gwiwar hannu, jijiyoyi su yage, gaɓa ta goce. Yaron da hakan ta same shi gab da damina, sai gidan mai ɗori, gona kuwa ta rasa ma'aikaci.

Samari suna ganin kamun a waya, hani kuma ba zai tsai da su ba. Gara malamin kimiyya ya zana shi a allo, ya koya musu ƙa'idarsa: wanda aka kama ya bubbuga, a sake shi nan take.