LAFIYA UWAR JIKI: Ina Allura Ke Zuwa Bayan Ta Gama Aiki?



Ran nan ina wucewa ta wani lungu a Nima, sai na tarar da yara uku a bakin kwata suna fesa wa juna ruwa da sirinji. Ɗaya daga ciki allurar na nan a maƙale, har da ragowar jini a ciki. Da na tambaye su inda suka samo, sai ƙaraminsu ya nuna mini bola. Na karɓe na kore su, amma abin bai bar raina ba.

A asibiti akwai ƙa'ida. Tun 2006 Ma'aikatar Lafiya ta Ghana ta tsara a riƙa raba shara tun daga inda aka yi ta: baƙar leda ta sharar yau da kullum ce, ruwan ɗorawa ta duk abin da ya taɓa jini ko ruwan jikin majinyaci, ruwan ƙasa kuma ta magungunan da suka lalace da sinadarai. Allura da reza ba sa shiga leda ko kaɗan, akwati gare su na musamman wanda tsini ba ya hudawa. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, don a nan ma'aikata kan soke kansu. Akwatin in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi, ba a jira ya cika. A ƙasa mai zafi irin tamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada shara mai ɗauke da cuta ta wuce awa 24 a ajiye lokacin zafi. Sannan a rufaffiyar mota ake kai ta inda za a turara ta da tururi mai tsananin zafi, ko a ƙone ta a tanderu na musamman.

Hukumar ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida. Sauran 15 ɗin su ne masifa. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soka, haɗarin kamuwarsa na iya kai kashi 30 cikin 100, alhali na ƙanjamau bai fi 0.3 ba. Mu kuwa ƙanjamau muka fi tsoro. Ƙwayar ciwon hantar nan tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba.

To, amma fa sirinjin yaran nan ba lalle daga asibiti ya fito ba. A zango allura ba ta ƙarewa a hannun nas. Ga mai ciwon sukari da ke yi wa kansa allura safe da yamma, ga mai kemis da ke yi wa mutane a bayan kanta, ga kuma wanzamanmu masu kaciya da ƙaho, waɗanda reza da audugarsu ke jiƙewa da jini kullum. Ba na ganin laifin wanzami da sana'ar gadonsa, sai dai babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa leda mai ruwan ɗorawa. Duk wannan kaya a kwandon shara ɗaya yake haɗuwa da ɓawon ayaba.

Abin yi ba ya cin kuɗi. A nemi robar man girki mai kauri da murfi, a riƙa jefa allura da reza ciki, a ajiye inda hannun yaro ba ya kai. A yi mata rubutu manya-manya, don kun san halinmu, wani zai iya juye ta ya tafi ɗebo ruwa. In ta kusa cika a ɗaure murfin da salatif, a kai asibitin unguwa a roƙi su haɗa da nasu. Kada a cinna mata wuta a tsakar gida. Hayaƙin roba guba ne, kuma allurar na nan a cikin toka. Sarakunan zango da limamai za su iya tara wanzamai su gayyato jami'in tsafta ya yi musu bayani, rana ɗaya ta isa.

Idan kuwa tsautsayi ya sa allurar bola ta soki yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada a tsotsa, kada a tsaya shafa toka ko kananzir. A tafi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma a tafi da katin riga-kafin yaron don likita ya duba ko an yi masa ta ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora.