Wufar da ke Girgiza Kwano Ba Ita Ce Mai Kyau Ba

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa raka wani sayen wufa, ko a kasuwar Batsari ko a cikin Katsina, ya san yadda ake gwaji. Mai shago zai ƙure ƙara, ƙirjinka ya ɗauki dum-dum, ya ce, "Ka ji bes ko?" Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Ni dai ina ganin a nan ake cutarmu. Sau da yawa uba ne ya sayar da gero ko akuya don cika kayan ɗakin 'yarsa, a yankin da zuwa gona ma sai da addu'a.

Kunnen mutum yana jin sauti daga haz 20 zuwa 20,000. Aikin wufa shi ne na ƙasa, kamar 20 zuwa 200. Idan aka ce amonta a miƙe yake, ana nufin ba ta fifita wani sauti a kan wani, bambancin bai wuce desibel 3 sama ko ƙasa ba. Masu arha da yawa kuwa an ƙera akwatinsu ne ya kumbura sauti guda don ya burge a shago. Ka kai gida, kowace waƙa bes ɗinta iri ɗaya. Sa Shata ka ji, hawa da saukar kalangu duk gurnani ya rufe su. Muryar namiji kuma tana tsakanin haz 85 da 180, ƙaramar wufa na ɗaukar wani ɓangarenta, shi ya sa tafsiri ko labarai ke fita kamar ana magana cikin randa.

Na san 'yan sashen lantarki za su ce ai ɗaki ne ke yanke hukunci. Suna da gaskiya. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗakinmu na ƙafa 12 da 12 yana ƙarfafa sautin wajen haz 47 a jikin bango, ya raunana shi a tsakiyar ɗaki. Tun 1933 ma Fletcher da Munson suka nuna a Amurka cewa kunne ba ya jin bes sosai idan ƙara ta yi ƙasa, shi ya sa muke son a ɗan ƙara shi.

To amma wannan hujja tawa ce. Tunda ɗaki zai karkatar da sauti, me zai sa ka fara da karkatacciyar wufa? Mai miƙaƙƙen amo za ka iya ƙara mata bes da maɓalli. Wanda aka gina cikin akwati kuwa ba ya ciruwa.

Shawarata, ka manta da dubban wat na PMPO da ke jikin kwali, ka nemi na RMS. Ka tafi da waƙar da ka sani da karatun da ka saba ji a wayarka, ka ce a rage ƙara zuwa yadda za ka saurara da daddare. Idan kalmomi sun fita tas, kiɗa yana hawa yana sauka, ka taya. A gida kada ka cusa ta a kusurwa, ka riƙa matsar da ita har ka samu inda murya ta fi fita. Mai shago na iya ɓata rai, amma kai za ka kwana da ita.