Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Yadda Ake Auna Raɗaɗin Dabbar Gwaji

A watan Nuwamban 1944, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, likita Alfred Blalock ya yi wa wata jaririya mai nakasar zuciya tiyatar da ba a taɓa yi wa mutum ba. Kafin ranar, mataimakinsa Vivien Thomas ya daɗe yana gwada aikin a jikin karnuka har ya ƙware. Dubban yara sun rayu ta dalilin wannan aiki. Bashi ne da ɗan Adam ya ci a wurin dabba, kuma mafi ƙarancin biyansa shi ne kada a bar ta cikin azabar da ake iya ragewa.

Sai dai ɓera da zomo, waɗanda ake yawan yin gwaji da su, dabbobi ne da ake farauta. A dawa, wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, don haka suna ɓoye ciwo. Mai binciken da ya leƙa keji bayan tiyata ya ga ɓera ya yi shiru, yana iya zaton lafiya ce, alhali shirun nan na wahala ne.

A 2010, masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, ƙarƙashin Jeffrey Mogil, suka fitar da ma'aunin karanta raɗaɗi a fuskar ɓera. Abubuwa 5 ake dubawa: runtse ido, kumburin hanci, kumburin kumatu, yanayin kunne, da sauyin gashin baki. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2. Daga baya aka samar da irinsa don zomo. Ana haɗa wannan da awon nauyi kullum, da lura da cin abinci da gina sheƙa, domin ɓeran da ke ciwo yakan bar sheƙarsa a wargaje.

Wasu masana kan ce maganin kashe zafi yana gurɓata sakamakon bincike. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tunda magani irin su meloxicam yana rage kumburi, kumburi kuwa wani mataki ne na warkewar rauni. Amma shi kansa raɗaɗi ya fi gurɓatawa: yana hana ci, yana tayar da sinadaran firgici a jini, yana jinkirta haɗuwar ɗinki. Ban da haka, ba a yi wa mutum tiyata a hana shi magani, don haka dabbar da aka hana ba ta wakiltar majinyacin da ake son taimaka wa. Mafita ita ce a zaɓi maganin da ya dace, kamar buprenorphine, a ba duk rukunonin gwaji daidai, a kuma bayyana hakan a rahoto.

Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji 3: a maye gurbin dabba idan ya yiwu, a rage adadinta, a tausasa hanyar aiki. Auna raɗaɗi ba ya buƙatar na'ura mai tsada, sai takardar maki da ido mai horo. Don haka kwamitin da'a na kowace jami'a, a Zariya ne ko a Landan, bai kamata ya amince da binciken tiyata ba sai an rubuta wanda zai duba dabbar, sau nawa a rana, da makin da idan ta kai za a ƙara magani ko a kawo ƙarshen wahalarta.