Wa Makaɗin Koriya Yake Fuskanta?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci a Koriya ta Kudu, ga shi yanzu ta leƙo ɗakunan kwananmu, tun da wasu daga cikinmu suka kamu da son waƙoƙin samarin ƙasar. Masu suka suna cewa kiɗan Amurka ne kawai aka liƙa wa fuskar mutanen Gabas, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Masu yabo su ce ai kiɗa ba shi da ƙabila. Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin sun saki reshe sun kama ganye, domin sun tsaya binciken asalin ganga, alhali abin dubawa shi ne wanda makaɗi ya juya ya fuskanta sa'ad da yake kiɗan.

Mu fara da abin da mutanen Koriya suke ɗauka kiɗan gida, watau turot, mai karkarwar murya da kukan rabuwa da kewar gari. Wannan kiɗa ya tashi ne zamanin da Japan ta mallaki ƙasar, daga 1910 zuwa 1945, yana da dangantaka da waƙoƙin Japan na lokacin, sunansa ma daga wata rawar Turawa aka gutsuro shi. A 1964 zabiya Lee Mi-ja ta yi wata waƙa mai suna Dongbaek Agassi wadda ta game ƙasa. Shekara na zagayowa hukuma ta hana sa ta a rediyo, wai tana ƙamshin Japan, ba a kuwa ɗage hanin ba sai a 1987. Ashe abin da jikoki suke kira gado yau, shi ne aka kora jiya a kan baƙo ne.

Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 sojojin Amurka suka zauna a ƙasar, makaɗa masu neman abinci suka riƙa yi musu wasa a barikoki. A nan Shin Joong-hyun ya goge da kaɗa gita, ya fito ya ɗora wa kiɗan harshen Koriya. A 1972 aka nemi ya yi wa Shugaba Park Chung-hee waƙar yabo, ya ƙi. A 1975 aka kama shi kan shan wiwi, aka haramta waƙoƙinsa. Gwamnatin nan, wadda 'yan sandanta suke tare samari a titi su aske musu suma, su gwada tsawon siket ɗin 'yammata da ma'auni, cewa take tana tsare tarbiyyar ƙasa daga lalatar Turawa. Ta hana wancan don ya yi kama da Japan, ta hana wannan don ya yi kama da Amurka, sa'an nan aka wajabta wa kowane faifai ya ɗauki waƙar gyaran hali guda. Tace waƙoƙi kafin a fitar da su bai ƙare ba sai a 1996. 'Yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, waɗanda wata rana za a miƙa wa hatimin hani da izini, ya kamata su karanta wannan tarihi a tsanake.

A 1992 wasu samari uku, Seo Taiji da abokansa, suka bayyana a talabijin na MBC da gambarar zamani irin ta baƙaƙen Amurka. Alƙalan shirin suka ba su maki kaɗan, matasa kuwa suka yi wa faifan rubdugu. Me ya jawo haka? Da harshensu aka yi musu magana, a kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A 1993 suka sa busar taepyeongso cikin waƙarsu, wata 'yar'uwar algaitarmu, wadda ita ma ta hanyar ƙasar Sin ta shigo Koriya ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A 1994 suka yi waƙa kan makarantun da ke tsare yara tun da sassafe saboda jarrabawa, da wata kan rabuwar Kudu da Arewa. Ganga ta aro ce, amma babu mai shakkar ko wa ake yi wa kiɗan.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. Kamfanoni suka karɓe harkar, irin su SM da aka kafa a 1995. Su ɗebi yara su yi shekaru suna horar da su rawa da waƙa da harsuna, su sayo karin waƙa daga Suwidin da Norwe. Waƙar Genie ta ƙungiyar Girls' Generation, ta 2009, mutanen Norwe ne suka tsara kiɗanta. Sayen kari ba abin kunya ba ne. Amma ƙasar mutum miliyan 51 ta yi wa kamfanonin kaɗan, sai idonsu ya koma waje, mawaƙi kuma ya fara ba mutanen gida ƙeya.

A gwada waƙoƙi biyu. A 2012 Psy ya yi Gangnam Style da harshen Koriya, yana zolayar masu kwaikwayon attajiran wata unguwa ta birnin Seoul, ba'ar da ɗan gari ne kaɗai zai gane ta sarai, duk da haka ita ce ta fara kai kallo biliyan ɗaya a YouTube. Su kuwa BTS, da suka fito a 2013 suna kuka da matsin makaranta, a watan Agusta na 2020 sai suka saki Dynamite, Turanci zalla, wadda Ingilishi biyu suka rubuta. Ta hau kan jerin Billboard na Amurka, abin da ba su taɓa samu ba. Waƙar tana da daɗin rawa, ba mu musa ba, sai dai da an ba wasu samarin Landan ita da ba abin da zai ragu. Kafin shekarar ta ƙare Life Goes On, wadda yawancinta da harshen Koriya ne, ita ma ta hau wannan matsayi. Wani zai ce ta farkon ce ta buɗe ƙofa, watakila haka ne, amma an ga cewa harshen gida bai hana shiga ba.

A wannan shekara ta 2020, tun kafin duniya ta fara rawar Dynamite, mutanen Koriya suna gaban talabijin suna kallon gasar mawaƙan turot, har zagayen ƙarshe ya tara fiye da kashi 35 cikin ɗari na gidaje. Wanda ya ci, Lim Young-woong, ya cika babban filin ƙwallon Seoul kwana biyu a jere cikin watan Mayu na 2024. Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa a ɗakunan kwananmu. Yawancin masu sonsa iyaye mata ne, 'ya'yansu ne suke kokawar saya musu tikiti ta intanet.