Daga Tiren Talla Zuwa Ɗakin Haya

 Maganar yau mai nauyi ce. Na san akwai wadda da ta ga kalmar karuwanci za ta ja a'uzubillahi ta kife wayar, ta ce wannan ba maganar gidanta ba ce. Ki daure ki karanta, domin labarin da zan ba ki ya faro ne daga kan yarinya 'yar shekara 8, sa'ar wadda ke miki wanke-wanke a tsakar gida yanzu haka.

Wata ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, wajen la'asar, mai babur ya sauke wata matashiya a asibitin da nake aiki ya juya abinsa. Ciwon mara ne da zazzaɓi mai zafi. Ba 'yar rakiya, ba kwanon abinci, ba ko flas ɗin ruwan zafi. Da aka tambaye ta sunan miji sai ta sunkuyar da kai. Abokiyar aikina ta raɗa mini a kunne cewa mai zaman kanta ce. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma fuskata ta canza. Na yi mata allura ban ko ce mata sannu ba, abin da har yau in na tuna nake jin kunyarsa.

A dare na biyu ni ke aikin kwana. Ina canza mata ƙarin ruwa na tambaye ta garinsu, ta ce Gidan Goga, ta ƙasar Maradun. Na ce mata na san garin. Daga nan bakinta ya buɗe, ba ta yi shiru ba sai da aka kira assalatu. Na sakaya duk abin da zai sa a gane ta, kuma da izininta nake rubuta wannan.

Tana shekara 8 aka ɗora mata tire. Dafaffiyar gyaɗa da damina, ƙuli-ƙuli da rani. Doka ɗaya ce a gidansu: tire ya dawo wayam. Ran da ya dawo da saura akwai bulala, wani lokaci har da hana tuwon dare. Ta ce akwai wani mutum a bakin tasha da kan jira ta har magariba ta gabato, lokacin da ya san hankalinta ya tashi, sai ya saye ragowar duka ya ce ta riƙe canji. Daga baya ya fara kiran ta cikin shago, ya fara kai hannu inda bai kamata ba. Na ce me ya hana ki faɗa wa mahaifiyarki? Ta dube ni ta ce, "Malama, mi zan ce? Ran da duk niz zo da kuɗi cikakku, ranan nan Inna ka yi min dariya."

Ki sake karanta amsar nan. Yarinyar da ba ta ko fara al'ada ba ta riga ta haddace darasi biyu: kuɗi ne ke sa a so ta a gida, kuma jikinta na iya kawo kuɗin. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan tubalin aka ɗora shi.

Ba na zagin uwarta. Da kuɗin talla aka saya mini littafin makaranta, kuma na san yadda adashin kayan ɗaki ke hana uwa barci tun 'yarta na goye. Wadda ba ta fita, mijinta kuma bai ajiye komai ba, ta ina za ta sayar da abin da ta soya in ba ta hannun yara ba? Na fahimci wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne uwa ta ƙirga kuɗi har sau biyu, amma ba ta taɓa tambayar wa ya saya, a ina, kuma me ya sa yau ciniki ya ƙare da wuri ba. In har ba makawa sai ta yi tallan, to ta fita da rana ta dawo da rana, ta tafi cikin 'yan uwanta, kada ta shiga shago ko zaure ko ɗakin kowa. Sannan ki faɗa mata da bakinki cewa in kaya sun yi kwantai ba za ki taɓa ta ba, kuma ki cika alkawarin ran da suka yi kwantan.

A shekarar 2018, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yankin Gidan Goga, aka kashe mahaifinta a gona. Suka tattara abin da hannu zai iya ɗauka suka yi Maradun, daga can suka gangaro Talata Mafara, suka raɓe a wani kango da ba a gama ginawa ba. Duk wadda ke zaune a Mafara ko Bakura ko Gusau ta san irin waɗannan kangaye, da buhunan da ake ratayawa a madadin ƙyaure. Uwa ɗaya, yara 6, ba gona, ba awaki.

Tana shekara 15 baffanta ya ba da ita ga wani mutum da ya girmi ubanta, a matsayin mata ta uku. Ba wanda ya nemi jin ta bakinta. An dai rage baki ɗaya a kan kwano. Ya kamata mu riƙa tuna cewa a zamanin Annabi (SAW) wata bazawara, Khansa'u bint Khizam, ta kai ƙarar mahaifinta a kan ya aurar da ita ba da son ranta ba, kuma aka warware auren. Ruwayar tana cikin Bukhari, malaman unguwarmu sun san ta.

Sau 3 tana gudowa gida. Na farko da kumburarren ido. Na biyu bayan ta yi ɓari ita kaɗai a ɗaki. Kowane karo aka kama hannunta aka mayar da ita. "Inna tac ce kangon ga bai ɗaukar mu duka, in koma in yi haƙuri, kowace mace haka tas sha." Karo na huɗu ba ta nufi gida ba. Ta nufi tasha.

A nan nake so mu tsaya, domin a ganina nan ne mahaɗar. Talauci ya yi nasa, 'yan bindiga sun yi nasu, baffa ya yi nasa. Amma abin da ya tura ta tasha shi ne ta tabbatar ƙofar gidansu ba za ta buɗe mata ba. Cikin shekarun da na yi ina jinya na saurari mata da dama masu irin wannan rayuwa, daga garuruwa daban-daban, kuma kusan kowacce akwai wata rana guda da take ambata: ranar da ta zo gida da ciwo aka ce ta koma inda ta fito.

A tashar wata mai sayar da abinci ta gan ta tana rakuɓe. Ta ba ta tuwo, ta ba ta zane, ta ba ta wurin kwana, ta kira ta ɗiyata. Bayan mako 2 ta sanar da ita cewa tuwo ba kyauta ba ne, kuma akwai baƙon da zai zo da dare. Magajiyar zamanin nan ke nan. Ba ta da tambari a goshi, kuma ita ce mutum ta farko cikin shekaru da ta tambayi yarinyar ko ta ci abinci.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san gidan magajiya. Wata Baturiya mai bincike, Renée Pittin, ta zauna a Katsina a shekarun 1970 tana nazarin rayuwar matan irin waɗannan gidaje, kuma gudun auren da ba a so yana cikin abin da ya yi ta fitowa a labaransu. Da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara a watan Janairun 2000 an rufe gidajen, kuma jama'a sun yi murna. Sai dai an rufe ƙarshen hanya ne, farkonta na nan a buɗe. Harkar ta koma ɗakin haya, ta koma lambar waya. Kuma ban taɓa ganin an kawo mana namijin da ke biyan kuɗin ana nuna shi da baki a asibiti ba. Shi yana sahun gaba a masallaci, ana ce masa Alhaji.

Akwai wasu ƙofofi biyu da nake gani ana rufewa, kuma dukansu aikina ya shafe su.

Ta farko ita ce ta mai yoyon fitsari. Yarinya ta kwana 2 ko 3 tana naƙuda a gida, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Jariri ya tafi, fitsari ya ƙi tsayawa, miji ya miƙo takarda, a gida a ware mata kwano da tabarma. Wannan ciwo ba maita ba ne, ba kuma hukuncin wani laifi ba ne, kuma ana ɗinke shi. Akwai cibiyar aikin a asibitin Farida da ke Gusau, akwai babbar cibiya ta ƙasa a Babbar Ruga ta Katsina. Ki kai ta, kada ki bar ta ta fara neman wanda zai karɓe ta a waje.

Ta biyu ita ce ta wadda aka yi wa fyaɗe, ko aka sako daga daji. Iyaye mata, ku riƙe wannan lamba: awa 72, wato kwana 3. In aka kawo ta asibiti cikin wannan lokaci akwai maganin da za ta sha na kwana 28 da ke kare ta daga kamuwa da ƙanjamau, akwai na rigakafin ɗaukar ciki, akwai na sauran cututtukan sanyi. Kullum sai bayan wata 4 ake kawo mana su, ciki ya fito, an gama rufa-rufa, an gama dukan yarinyar a kan laifin da ba nata ba. Wadda aka nuna wa cewa ta riga ta lalace, me kuma za ta tsaya karewa?

Ga kuma makaranta. Bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, da ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba na shekarar, an rufe makarantu na tsawon lokaci, kuma iyaye da yawa ba su sake mayar da 'ya'yansu mata ba. Ban ga laifin mai tsoro ba, ni ma uwa ce. Amma yarinyar da aka cire daga aji ba a ɗaki take zama ba, tire ake ɗora mata. In akwai makarantar jeka-ka-dawo a cikin gari, ko Islamiyya mai koyar da karatu da ɗinki, ki lallaɓa ta ci gaba.

Kafin a sallami mara lafiyata na tambaye ta ko mahaifiyarta ta san inda take. Ta ce duk ƙarshen wata tana aika mata kuɗi ta hannun wani direba, ana karɓa, ba a taɓa tambayar daga ina suke ba. Ta ce abin da ke hana ta barci shi ne ƙanwarta, wadda ke goye lokacin da suka baro Gidan Goga. Ta ji labarin an saya mata tire.

Na rubuta mata ranar dawowa bayan mako 2, ban sa rai zan sake ganin ta ba, domin irinsu ba su cika dawowa ba. Ta dawo. Tana riƙe da hannun wata 'yar siririyar yarinya, ta ce don Allah in duba mata ita, tari take yi da dare. Yarinyar ta sauke tiren gyaɗarta a bakin ƙofa, ta ce wa yayarta ta sa ido kada a ɗiba, Inna ta ƙirga gwangwanayen.