IN SORO YA RUFTA A AZARE, WA ZAI BIYA?

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara tasowa daga gabas a ƙarshen bazara, sai hankalin magidanta a Azare da Katagum ya koma kan rufin ɗakunansu. Iskar farkon damina ita ke yaye kwano ta yi jifa da shi. Ruwan marka na watan Agusta kuwa shi ne abokin gābar soro. Ya kwana yana zuba, ya wuni yana zuba, ƙasa ta sha ta ƙoshi, azara ta gaza, sai a wayi gari ɗaki ya rufta. In Allah Ya sa an tsira da rai, sai kuma a shiga tambayar nan marar daɗi: wa zai biya?

Ba sai an gaya wa mutanen wannan ƙasa ƙarfin ruwa ba. Garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, a bakin kogin Jama'are yake, kuma Ƙaramar Hukumar Zaki na cikin wuraren da ambaliyar 2022 ta yi wa ɓarna. Azare, inda sarauta ta koma a 1916, ita ma ba ta tsira ba, domin a daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. To, abin da ya cinye kwalta, ina ga rufin ƙasa?

Amsar da aka saba da ita ita ce dangi da maƙwabta, sannan kayan agaji daga hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, ko daga takwararta ta Jihar Bauchi. Ba mai raina wannan taimako. Amma buhun shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano alheri ne, ba haƙƙi ba. Mai gida ba zai iya cewa ga ranar da za su zo ba, ba kuma zai kai ƙarar kowa ba in ba su zo ba.

Abin da zai mai da alherin nan haƙƙi shi ne inshora. Amma har yanzu kuɗin inshora da ake biya a Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Dalilai biyu ne suka fi hana jama'ar Arewa shiga. Na farko shakkar riba da caca. Na biyu kuwa, wanda ya fi zurfi, shi ne rashin yarda: mutane sun ɗauka kamfani na da hannun karɓa, ba shi da hannun bayarwa.

Ya kamata a san inda wannan zargi ke samo tushe. Inshorar gida yawanci ta gobara ce, sai a ƙara mata sharaɗin guguwa da ambaliya in mai gida ya nema kuma ya biya. Wanda bai nema ba, ko iska ta kwashe gidan ɗungurungum, ba shi da ko kwabo. Wanda ya nema kuma, akwai wani sharaɗi da ke jiransa cikin ƙananan baƙaƙe, cewa kamfani ba ya biyan ɓarnar tsufa ko ta rashin kula. A nan ne mai soro da mai rufin kankare ke shan kāyi. Kwanon da iska ta yaye kowa na ganinsa, ba gardama. Shimfiɗaɗɗen rufi kuwa ruwa kwanciya yake a kansa, ya yi ta ratsawa sannu a hankali. Idan ya faɗi, mai ƙiyasta asara zai zo ya ce indararo ya toshe, ko yaɓe ya tsufa, ko gara ta daɗe tana cin azara. Watau ruwan jiya bai kawo ɓarnar ba, tona ta kawai ya yi.

Gaskiya dai, ba kullum kamfani ke da laifi ba. Magina sun san cewa soro ɗan lallami ne. Kafin damina ake cike tsaga, a sake yaɓe, a shafa makuba ko laso, a share indararo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An yi inshora ne domin masifar da ta faɗo ba zato, ba domin ta ɗauke wa rago aikin shekara ba. Idan aka biya kowane mai sakaci, kuɗin masu kula da gidajensu ne aka cinye.

Amma fa adalci ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum ba tare da ya hau ya duba rufin ba, bai dace ranar biya ce zai fara gano cewa rufin tsoho ne ba. Tun ran gini, tun ran zane. In ginin ƙasa ba ya cikin abin da kamfani ke karɓa, a faɗa tun farko. In yana ciki, a rubuta halin da aka same shi, kowa ya sa hannu.

Akwai abin koyi daga Ingila, inda rigimar shimfiɗaɗɗen rufi ta daɗe. Ofishin da ke sasanta jama'a da kamfanonin kuɗi a can tambayoyi uku yake yi: an yi guguwa a ranar? Ɓarnar irin wadda guguwa ke yi ce? Guguwar ce babban sanadi? Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar ma ta yanke ma'auni, alal misali iska mai gudun mil 55 a awa, ko ruwa milimita 25 cikin awa guda. Nijeriya na da hukumar NiMet mai auna yanayi. Me zai hana a yanke ma'aunin da ya dace da daminar Arewa, alƙaluman NiMet su zama shaida, maimakon a bar bakin mai gida da bakin kamfani?

Wani tarkon kuma shi ne ƙiyasin kuɗin gida. A ɗauka sake gina gida zai ci Naira miliyan 20, amma mai shi ya yi masa inshorar miliyan 10. Idan aka yi ɓarnar miliyan 4, miliyan 2 kawai za a ba shi, domin rabin gidan ya saya wa kariya. Da irin tsadar siminti da katako ta 'yan shekarun nan, ƙiyasin da ba a sabunta shi kowace shekara yaudarar kai ne.

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. Doka dai takarda ce sai an yi aiki da ita, kuma aikin na wuyan hukumar NAICOM. Shakkar addini ma an sami hanyar warware ta, domin tun 2013 hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful, aka kuma ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. A tsarin takaful, jama'a ke zuba gudummawa cikin asusu guda, a biya wanda ya yi asara, in an sami rara a raba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san gayya.

Saboda haka kamata ya yi NAICOM ta tilasta a riƙa ba da takardar yarjejeniya da Hausa, gajeriya, mai faɗin abin da za a biya da wanda ba za a biya ba. Kamfanoni su riƙa tafiya da maginan gargajiya wajen duba soro, domin wanda bai san azara ba ba zai yi mata hukunci daidai ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata a Azare su nemi shiga a dunƙule, kuɗin ya yi sauƙi, muryarsu ta yi ƙarfi.

Mai gida shi ma yana da nasa. Ya biya kuɗinsa kan lokaci, domin wanda bai biya ba ba shi da kariya. Ya ɗauki hoton rufinsa da waya bayan gyaran shekara, ya adana rasit. In ɓarna ta auku, ya sanar nan da nan a rubuce, ya rufe wurin da leda ko tamfol don kada ta ƙaru, kada kuma ya kwashe ɓaraguzai kafin a zo a gani. In aka hana shi, ya nemi dalili a rubuce, ya kai kuka ga NAICOM.

Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Abin da ya rage shi ne ya sami wanda zai yarda da shaidarsa. Ranar da aka ga magidanci guda a Azare ya karɓi diyyar soronsa ba da ja-in-ja ba, ranar ce maƙwabtansa za su fara tambayar hanyar ofishin. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kiyaye rayuka da dukiyoyi.