Zauren Iyali: Madarar Gwangwani Da Tashin Dare

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata, wani abu ne da ya faru a gidan hayar da muke zaune a Aboabo, nan Kumasi. 'Yar wata maƙwabciyarmu ta haihu, kwana huɗu Allah ya yi mata rasuwa, ta bar ɗa namiji. Allah ya jiƙanta. Aka yi suna ba uwa. Kakar yaron kuwa, wadda duk gidan muke kira Hajiya, ta ce ba mai raba ta da jikanta. Dangin uba suka haɗa kuɗi aka sayo madarar gwangwani da fida biyu, watau kwalbar shayarwa. Da rana ba wata damuwa, domin gidan haya ba ya rasa hannu, wannan ta goya, waccan ta dafa ruwa, wata ta wanke ƙunzugu. Amma da an yi sallar isha'i kowa ya ja ƙofarsa, sai a bar tsohuwa ita kaɗai da jariri da fitila.

Ba a cika mako uku ba yaro ya kama zawo da amai, maɗigarsa ta faɗa, aka kwashe shi sai asibiti. Bayan an sa masa ruwa ya farfaɗo, wata nas, ita ma 'yar zango ce, ta zauna kusa da kakar ta tambaye ta.

"Hajiya, da dare yaya kike haɗa masa madarar?"

"'Yata, ni da ciwon gwiwa ina zan iya hura gawayi sau uku cikin dare? Tun da isha'i nake dama ta gaba ɗaya in juye a fulas, don ta kwana da ɗuminta. In ya yi kuka in tsiyaya masa. In ya rage in ajiye masa sai ya sake farkawa."

Nas ta kama baki ta ce, "Hajiya, to ai nan ɓarnar take."

Lalle Hajiya ba ta yi don sakaci ba, dabara ta yi irin ta mai tausayi, kuma mun tabbata a daren yau akwai gidaje da yawa a zangunanmu, daga Nima har Tamale, da ake yin irin wannan dabarar.

Kada wani ya ce mun zo tallan gwangwani. Nonon uwa ba shi da na biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa ba sai an ba shi ba. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana kamfanoni tallata abin da zai maye gurbin nono, Ghana kuma ta sa hakan cikin dokarta a shekarar 2000, shi ya sa haramun ne a raba wa mai jego gwangwani kyauta da sunan talla. To amma akwai maraya irin na gidanmu, akwai uwar da ke kwance asibiti, akwai mai 'yan uku. Irin waɗannan, gori ba ya ciyar musu da ɗa. Abin da suke bukata shi ne a nuna musu yadda ake yi, musamman da dare, lokacin da ido ya yi nauyi, hannu ke neman gajeriyar hanya.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, garin madarar nan, ko gwangwanin sabo ne fil ba a taɓa fasa shi ba, ba a kashe masa ƙwayoyin cuta kakaf ba. Akan samu wata ƙwaya da likitoci ke kira Kuronobakta, wadda ke iya jawo sanƙarau da cutar jini ga jariri, musamman bakwaini da wanda bai kai wata biyu ba. Muddin garin yana bushe tana nan kwance kamar ta mutu, da ta samu ruwa mai ɗumi sai ta shiga hayayyafa. A 2022 saboda ita aka rufe wata babbar masana'anta a jihar Michigan ta Amurka, aka janye kaya daga kantuna, iyaye suka yi watanni suna neman madara ido rufe. To in haka ta faru a can, ina ga madarar da aka dama da isha'i ta kwana cikin fulas a ɗakin da ko iska ba ta shiga? Fulas yana huce wa a hankali, ya kai ga ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so, ya kuma riƙe shi har asuba. Ragowar da yaro ya tsotsa kuwa ta fi muni, don yawunsa ya riga ya shiga ciki.

Saboda haka ne a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka fitar da ƙa'ida cewa a dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Ba sai an sayi ma'aunin zafi ba. A tafasa ruwa ya yi tafasa sosai, a sauke, kada a bari ya wuce minti 30 kafin a dama. Kowane ruwa sai an tafasa shi, na famfo ne, na rijiya ne, na tanka ne da aka ɗebo a galan ɗin Kufuor, har ma da ruwan leda da muke ganin ya fi kowane tsabta.

Fulas dai yana da amfani, amma ruwan zafi zalla ake zuba masa, ba madara ba. Aikin dare kuwa tun kafin a kwanta ake yin sa. A wanke fida da bakinta da sabulu, a bi duk lungu, a nutsa su cikin tukunya a tafasa minti 10, a bar su a rufe. A ware fulas guda na yaro shi kaɗai, ba na shayin maigida ko na koko ba, a ɗauraye shi da ruwan zafi, a cika shi har baki da ruwan da aka sauke yanzu-yanzu, a murɗa marfi. Mai kyau yakan riƙe zafin na 'yan sa'o'i, amma in an buɗe da asuba ba ya tururi, sai a sake tafasawa. A ajiye gwangwani da kwanon ruwan sanyi da tocila wuri guda, nesa da inda ƙananan yara za su kai hannu. In yaro ya motsa, a wanke hannu, a fara zuba ruwa daidai layin da ke jikin fida, sa'an nan a sa gari da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe kansa, ba tozo ba danne. A rufe a girgiza, a tsoma gindin fidar cikin ruwan sanyi, kada ruwan ya taɓa bakinta. A ɗiga a cikin wuyan hannu, in an ji ɗumi-ɗumi ba zafi, ta yi. Duk wannan, in hannu ya saba, kafin yaro ya kai ga shiɗewa da kuka an gama. Abin da ya rage a zubar, haka kuma duk wadda aka dama ta yi sa'a biyu a waje. Mun san zubar da madarar da aka saya da tsada yana da ciwo, amma gadon asibiti ya fi ta tsada.

Masu firji an yarda su dama su sanyaya nan take su sa ciki, a sanyin da bai wuce digiri 5 ba, kada ta wuce sa'a 24. Sai dai mu da muka sha dumsor mun san firji ba abin dogaro ba ne. In wuta ta ɗauke kana barci, ba ka san sa'a nawa madarar ta yi tana ɗumama ba. Inda ruwa ke wuya kuma, ƙaramin kofi ya fi fida, don ba shi da lungun da datti zai maƙale. A tallafo yaro a zaune, a karkata kofin madara ta taɓa leɓensa, shi zai lasa da kansa, kada a ɗura masa.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne maza ba sa son ji. Bayan makon farko jariri na bukatar kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana guda. Mai kilo uku ke nan mililita 450, a raba sau takwas, watau kusan 60 kowane sa'a uku. A yawancin gwangwanaye cokali ɗaya na mililita 30 ne, amma a duba jikin wanda aka saya, in ba a iya karatun ba a kai wa nas ranar awo ta nuna. Cikin takwas ɗin nan biyu ko uku tilas su faɗo cikin dare. Cikin jariri ƙarami ne, tashinsa da dare ba rigima ba ce, kuma ba alamar madarar ba ta riƙe shi ba ce. Masu zuba koko a fida su faɗaɗa hujin bakin don yaro ya yi barci mai nauyi, su bari, cikinsa bai isa ba, kuma yana iya shaƙewa. Haka madarar shayi ta ruwa da garin madarar manya, ba abincin wanda bai kai wata shida ba ne. Zuma kuwa sai ya shekara.

A wata shidan farko yaron da ba ya shan nono zai sha gari kimanin kilo 20. In gwangwani mai giram 400 ne, guda 50 ke nan. Kowane maigida ya je kanti ya tambayi kuɗin ɗaya ya ninka da kansa, ya sa kuɗin gawayi ko gas da sabulu a kai. Mun faɗi haka ne domin mun sha ganin an fara da ƙarfi ranar suna, an yi anko an kafa rumfa, wata biyu kuɗi ya yanke, sai a koma sa cokali ɗaya inda ake sa biyu don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Yaro yana sha cikinsa na cika, amma ruwa yake sha, sai rama, wani lokaci har da jijjiga. Masu ƙara gari don ya yi ƙiba su ma suna wahalar da ƙodarsa ne. Dangin da suka ce za su ɗauki nauyin maraya, gara su san gwangwani 50 suka ɗauka tun ranar farko.

Wa zai tashi? Da can in nono ne, namiji yana da uzuri, sai ya juya ya ce ai ba shi da abin bayarwa. Da gwangwani wannan uzurin ya faɗi. Wanda zai iya zama a majalisa yana shan ataya har ƙarfe ɗayan dare, zai iya riƙe fida na minti goma sha biyar. A raba daren biyu, ɗaya daga isha'i zuwa ƙarfe biyu, ɗayan daga nan zuwa kiran assalatu, kowa ya samu barci mai ɗan tsawo. Mai gyangyaɗi shi ne ke tokare fida da tsumma a bakin yaro ya koma barci, yaro ya shaƙe ba wanda ya ji. A rungume shi kansa a sama, in ya ƙoshi a ɗora a kafaɗa ya yi gyatsa, a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro. Kuma don Allah kada a shigar da kurfoti mai garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa don a samu ruwan zafi kusa. Iskar gawayi ba ta da wari, ta kuma kashe mutane cikin barci.

Akwai kuma mata masu haɗa nono da gwangwani, 'yan kasuwar Kejetia da Makola da ma'aikatan da hutun haihuwarsu ya ƙare, don dokar aiki ta 2003 mako 12 ta ba su, da sa'a ɗaya ta shayarwa a lokacin aiki. Da yawa sukan ba da gwangwani da dare don su huta. Gara a juya. Sinadarin jiki da ke sa nono ya kawo ya fi yawa da dare, uwar da ta daina shayarwa da dare nononta yakan ja baya da sauri, ga shi kuma nono ba ya bukatar fulas ko tocila. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau ma, shawarar da ta sauya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwar da ke shan maganinta yadda ya kamata ta shayar aƙalla wata 12.

A gidanmu an yi maganar a nemi mai shayarwa cikin dangi, abin da addini ya halatta, amma aka tsaya a kan cewa sai an gwada jininta tukuna, kuma a san cewa a mazhabar Malikiyya ko tsotso ɗaya ya kai ciki, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, ba aure tsakaninsu. Madarar gwangwani ba ta ƙulla wannan zumunci. Ba a samu wadda ta dace ba, aka ci gaba da gwangwani.

Yanzu ƙanen uban yaron, wani tela, shi ke riƙe da farkon dare, tunda dama ba ya tashi daga kan keke da wuri. Hajiya ta karɓa daga ƙarfe biyu. Nas ta ce musu su riƙa ƙirga ƙunzugu, in ya jiƙa shida ko fiye a kwana yana samun abin da ya ishe shi, in kuwa ya ƙi sha, ko jikinsa ya yi zafi, ko zawo ya dawo, kada su jira gari ya waye. Ranar awon da ta wuce layin katinsa ya hau. Fulas ɗin ma an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, don kada wani ya sake zuba masa shayi.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.